Neman kalmar Hausa: me ake kiran halin mawaƙin da waƙa ta daina zuwar masa?

Mai Shirin Dare:
Assalamu alaikum malamaina da 'yan uwa. Ina fassara wani rubutu da zan karanta a rediyo, za a naɗi murya ranar Alhamis da ƙarfe 4 na yamma, ga shi wata kalma guda ta zame mini ƙarfen ƙafa. Rubutun a kan mawaƙan rok (wani salon kiɗan jita na Turawa) na Amurka da Ingila ne, waɗanda suke tsara waƙoƙinsu da kansu, kuma tambayar da yake yi ita ce ko mutum zai ci gaba da ƙirƙiro waƙa mai ratsa jiki bayan ya manyanta, ya yi iyali, ya tara abin duniya, hankalinsa ya kwanta. Kalmar ita ce wadda Turawa ke cewa "writer's block", wato mutum ya zauna da takarda da jita a gabansa, amma ko baiti ɗaya ya ƙi zuwa. Sau tara ta fito a cikin shafi huɗu. Misalan da aka fara da su biyu ne: Bob Dylan, wanda daga 1990 har zuwa 1997 bai fitar da faifan sababbin waƙoƙin kansa ba, da Billy Joel, wanda tun 1993 bai sake fitar da cikakken faifan waƙoƙi irin nasa na da ba. Na sa "toshewar basira" da fensir, amma da na karanta a bayyane sai na ji kamar zagin mutanen nake yi. Ina neman taimakonku kafin daren Laraba.

Malamar Adabi:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, kunnenka bai yaudare ka ba. Toshewar basira ana faɗarta ne ga wanda aka yi wa bayani sau goma bai gane ba, kuma ba zai yi daɗin ji ba a ce da ita aka siffanta Dylan, mutumin da aka bai wa lambar yabo ta Nobel a fannin adabi a 2016. Ni shawarata ita ce "ƙafewar basira". Rijiya ce ke ƙafewa, kuma duk wanda ya tashi a gida mai rijiya ya san ƙafewa ba mutuwa ba ce, domin ana shiga a yashe ta, a kwaso laka da tsofaffin gugan da suka faɗa, idon ruwa ya sake buɗewa. Labarin Dylan ma haka ya tafi. A 1992 da 1993 ya fitar da faifai biyu waɗanda tsofaffin waƙoƙin gargajiya ne ya rera, daga shi sai jitarsa, kuma a ganina wannan yasar rijiya ce ya yi. Da ya dawo da nasa na kansa a 1997, yana da shekara 56, faifan ya ci lambar yabon waƙa ta Amurka, wato Grammy, ta faifan shekara, sannan a 2020 ya sake fitar da sababbin waƙoƙi yana da shekara 79.

Ɗan Damagaram:
Malama, hoton rijiyar ya yi kyau, sai dai mai sauraro ba zai ji wannan dogon bayanin ba, kalmar kaɗai zai ji, kuma a kunnen mutane da yawa idan aka ce abu ya ƙafe to an yi sallama da shi ke nan. Faransawa suna kiran abin da fargabar farar takarda, amma ban ga amfanin kwaso tasu mu fassara ba. Ni na fi son "ɗaukewar ilhama", kamar yadda ake cewa ruwa ya ɗauke, domin wanda ya ji haka ya san hadari na iya sake haɗowa. Akwai kuma abin da ya kamata mai shiri ya duba kafin ya sa kalma ɗaya a wurare tara. Ba duk shirun mawaƙi ne ciwo ba. John Lennon ya janye daga 1975 zuwa 1980 yana renon ɗansa a New York, ya dawo da sabon faifai makonni kaɗan kafin a harbe shi a watan Disamba na 1980. Kate Bush ta yi shekara 12, daga 1993 zuwa 2005, ba ta fitar da sabon faifai ba, kuma a cikin wannan tsakanin ta haihu ta reni ɗanta. Waɗannan gona suka bari ta huta, ba ruwa ne ya yanke musu ba.

Tsohon Tafinta:
Ya ku 'ya'yana, na karanta duk abin da kuka rubuta, kuma abin da ya ba ni takaici shi ne an ce a nemo kalmar Hausa, sai kowa ya ruga ya aro ta Larabci. Basira Larabci ce, ilhama Larabci ce, idan an jima wani zai kawo hikima ko fasaha, duk dai daga tukunya ɗaya. Bahaushe yana da tasa kalmar, ita ce azanci, yana kuma da sunan lokacin da aka shuka, damina ta kankama, sai ruwa ya tsaya cak, gero ya fara nannaɗe ganye, manomi yana ɗaga kai sama safe da yamma. Sunan wannan fari. Saboda haka kalmar da ake nema ita ce "farin azanci". Ta ƙunshi duk abin da kuke ta kewayawa a kai: fari yana zuwa ne a tsakiyar damina, ba a ƙarshenta ba, ba laifin manomi ba ne, kuma wani lokaci ruwa ya dawo amfani ya tashi, wani lokaci kuma shekarar ta tafi ke nan. Na shafe fiye da shekara 30 ina aikin fassara, ban taɓa ganin kalmar da ta zauna daram kamar wannan ba. Ita ma "rok" ɗin da kuke ta rubutawa, asalinta daga girgiza jiki ne, don haka "kiɗan girgiza" ya kamata a ce.

Malamar Adabi:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Ma'anar da Baba ya kawo tana da zurfi, kuma ban musa ba, amma rubutu ne zai ba mu matsala. A baki ana bambanta farin rashin ruwa da farin launi da farin da ake nufin farko, amma a rubuce duk siffarsu ɗaya, tunda ba ma sa alamar karin sauti. Gidajen rediyo yanzu suna sa rubutun shiri a Facebook, kuma wanda ya ga "Dylan ya yi fama da farin azanci" zai ɗauka ko dai azancin nasa fari ne tas, ko kuma farkon azancinsa ake nufi, alhali kishiyar haka ake son faɗa. Game da aro kuwa, idan za mu kori duk baƙuwar kalma, to sai mu fara da littafi da alƙalami da Alhamis ɗin da za a naɗi shirin, har da ita "kalma" kanta. Kuma Baba ya yi haƙuri, sunan da Baba ya zaɓar wa kansa, wato tafinta, daga Turanci ya shigo. Kiɗan girgiza kuwa, kalangu ma yana girgiza mutum.

Tsohon Tafinta:
'Yata, na ji, kuma na san sunan da zan samu ke nan idan na yi magana a gaban masu digiri. Mu da muka koyi Hausa a bakin iyayenmu da zauren hakimai mun zama 'yan kallo, sai abin da aka zauna a jami'a aka yanke shi ne Hausa. Idan mai karatu ya rikice da fari, to a koya masa, ai haka aka koya masa sauran.

Ɗan Damagaram:
Baba, ba maganar digiri ba ce, ni ma ba ni da na Hausa. Amma tunda an taɓo batun wanda ke da ikon yanke hukunci, ya kamata a tuna cewa rediyo ba ya tsayawa a kan iyaka, muna kama tashoshinku a nan, kuma sau da yawa ana zaɓen kalma kamar Hausa ta ƙare a Kano da Kaduna. Ilhama dai kowa ya san ta, daga Maraɗi har zangon Kumasi, saboda ana jin ta a wa'azi da karatu.

Malamar Adabi:
Ba na so a ɗauka raini ne, Baba. Ita kanta kalmar Turancin ba da ita aka haifi harshen ba, wani likitan ƙwaƙwalwa ne ɗan asalin Ostiriya, Edmund Bergler, ya fito da ita a 1947, kuma ta zauna ne saboda masu rubutu sun ji ta dace da abin da ke damunsu suka riƙe ta.

Tsohon Tafinta:
To kin kawo mini hujja da hannunki. Idan likita ɗaya zai ƙirƙiro kalma duniya ta bi, me ya sa tawa za a ce sai an yi taro a kanta?

Mai Jita:
Iyayena da yayyena, ku ba ni dama in sa baki, don ni abin a jikina ya faru, ko da yake ban kai ko ƙurar waɗanda ake ambata ba. A ɗakin naɗar waƙa ban taɓa jin wani ya ce basirarsa ta ƙafe ko ilhama ta ɗauke masa ba. Abin da muke cewa shi ne "waƙa ta ƙi zuwa", ko kuma "kaina ya kulle". Lokacin da nake gwauro a ɗaki ɗaya, bashi ya yi mini katutu, ga wadda nake so an ba wani, a dare ɗaya sai in cika shafi uku. Da na yi aure na buɗe shago, na fi shekara biyu jitar tana rataye a ƙusa bayan ƙofa, har tsirkiya ɗaya ta tsinke ban lura ba sai da 'yata ta nuna mini. Na ɗauka shi ke nan, wahala ce ke ba ni waƙa, ga shi ta tafi. Daga baya na gane abin da na saba rerawa ne ya ƙare, wato kukan saurayi, kuma ban koyi yadda ake waƙar uba mai jiran sakamakon gwajin asibiti ba.

A ganina nan ne matsalar 'yan rok take. Kiɗa ne da aka gina a kan ƙuruciya da tawaye da raɗaɗin zuciyar mai waƙar kansa, don haka idan mutum ya kai 50 yana kwana a gidansa na kansa, dole ko ya riƙa kwaikwayon yaron da ya taɓa zama, ko ya nemi sabon abin faɗa. Namu makaɗan ba su cika shiga wannan tarkon ba, saboda waƙarsu tana da dalili daga waje: sarki ya hau, manomi ya yi noma, an yi biki. Makaɗan fada an ba su gida da doki da riguna, wadata ba ta rufe musu baki ba, kuma Mamman Shata ya yi fiye da shekara 50 yana waƙa kafin rasuwarsa a 1999. Masu cewa sai da yunwa ake waƙa suna yawan kawo Leonard Cohen, wanda ya yi shekara biyar a keɓe a wani wurin ibada a kan dutse kusa da Los Angeles, daga baya ya tarar an yi gaba da fiye da dala miliyan 5 daga kuɗinsa, dole ya koma yawon wasa a 2008 yana da shekara 73. Gaskiya ne rashin kuɗi ne ya mai da shi dandali, amma faifai ukun da ya fitar a 2012 da 2014 da 2016 ya yi su ne bayan aljihunsa ya sake cika, kuma abin da ke cikinsu tsufa ne da mutuwa da Ubangiji. David Bowie ma ya yi shekara 10 daga 2003 bai fitar da sabon faifai ba, ciwon zuciya ya same shi a 2004, ya dawo a 2013, sannan ya fitar da faifansa na ƙarshe ranar 8 ga Janairu 2016, ya rasu bayan kwana biyu. Duk kalmar da za a zaɓa, kada ta sa mai sauraro ya ɗauka kwanciyar hankali ce cutar.

Ɗan Damagaram:
Wannan ya ƙara ƙarfafa ni a kan ɗaukewa, domin ba ta faɗi dalili ba, ta faɗi abin da ya faru ne kawai.

Malamar Adabi:
Zan iya sakin ƙafewa, ko da yake har yanzu ina ganin ita ce ta fi dacewa da Dylan shi kaɗai. Sai dai ilhama tana da nauyin addini, kuma akwai masu sauraron da za su ɗaga gira idan suka ji an jingina ta ga masu kaɗa jita. A yi amfani da ita sau ɗaya ko biyu, sauran wuraren a bi maganar Mai Jita.

Mai Shirin Dare:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na kai wa editanmu takardar da safiyar nan, ga yadda muka ƙare. A farkon shirin zan ce "ɗaukewar ilhama, wato lokacin da waƙa ta ƙi zuwa wa mawaƙi", daga nan sai in ci gaba da "waƙa ta ƙi zuwa" a wurare biyar. A kan Lennon da Kate Bush na cire kalmar gaba ɗaya na sa "ya ajiye waƙa" da "ta ajiye waƙa", duk da cewa marubucin asali ya haɗa su da sauran. Wurin Billy Joel ne ya rage, domin shi ya ci gaba da cika filayen wasa da tsofaffin waƙoƙinsa, sababbi ne ya daina kawowa sai jefi-jefi, kuma edita ya ja jan biro a kan duk abin da na gwada, a ƙarshe muka bar shi a "ya daina rubuta sababbi". Baba, na karanta masa "farin azanci", ya yi shiru ya ce in maimaita, sannan ya ce in ambace ta a ƙarshen shirin a matsayin shawarar wani dattijo, mu ji abin da masu sauraro za su ce. Rok kuma an bar ta rok.

Tsohon Tafinta:
To, ɗana, ba haka na so ba, kuma har gobe ina kan bakana cewa kun bar ta gida kun ɗauki ta aro. Idan za ka faɗe ta, ka faɗe ta da karin sautinta daidai, ka kuma fara da cewa farin damina ake nufi, kada ka sa a yi mini dariya. Ƙarfe nawa ake sa shirin, kuma a wane zango zan kama ku?