Aikido: kare kai ne ko haɗin baki?

Ɗan Kurmi:
Assalamu alaikum. Ƙanena da ke karatu a Japan ya shiga ajin aikido, ya turo mini bidiyo: wani tsoho sanye da baƙin wando mai faɗi yana watsar da samari kamar bai taɓa su ba. Na ce masa su suke faɗuwa da kansu. Ya ce wai ba a gasa, kuma ba a neman ji wa abokin karawa ciwo. To faɗan da ba a son cin kowa, ina amfaninsa? Masana a taimaka.

Baban Hafsa (Osaka):
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, idonka bai yaudare ka ba, da kansu suke faɗuwa, amma da dalili. Idan aka murɗa maka wuyan hannu waje, babban yatsan malami a bayan tafinka, ko dai ka bi juyin ka mirgina ko gaɓar ta goce. Ni a farkon zuwana faɗuwa kawai aka yi ta koya mini: sunkuyar da haɓa, lanƙwasa hannu, mirginawa ta kafaɗa a miƙe tsaye.

Morihei Ueshiba, wanda ya kafa aikido, ba lusari ba ne. An haife shi a Tanabe a 1883, ya yi soja, ya koyi dabarun karya gaɓoɓi na Daito-ryu wajen Sokaku Takeda, wanda ya haɗu da shi a Hokkaido a 1915. Daga baya ya shiga ƙungiyar addini ta Omoto, tunaninsa ya sauya: a kawar da harin, a bar maharin da lafiyarsa. Shi ya sa ba a tare ƙarfi da ƙarfi. Ka kauce daga hanyar bugun, ka shige gefen mutum ko ka juya tare da shi, nauyinsa ne zai kai shi ƙasa. Ueshiba ya rasu a 1969, jikansa Moriteru ke riƙe da hedkwatar Aikikai, babbar ƙungiyar aikido, a Tokyo yanzu.

Abin da na samu? Na daina ƙanƙamewa idan aka cafke ni ba zato, numfashina ba ya ɗaukewa. Kuma dattawa masu furfura suna atisaye da mu a tabarma ɗaya, abin da ba ka cika gani a wasannin doke-doke ba.

Shagon Gabas:
Baban Hafsa, a yi haƙuri, wanda bai saba shan naushi na gaske ba, ranar farko zai rikice. A dambe ba wanda zai miƙo maka hannu ka kama.

Baban Hafsa:
Ban musa ba, Shago. Wurin da abokin atisaye ba ya turjiya ko kaɗan, ɗalibi na iya ruɗar kansa. Shi ya sa Kenji Tomiki, ɗalibin Ueshiba, ya shigo da gasa a reshensa na aikido, reshen Yoshinkan na Gozo Shioda, wani ɗalibin nasa, kuma har 'yan sandan kwantar da tarzoma na Tokyo yake horarwa. Mai son ya iya faɗa da wuri, judo ya fi masa sauri.

Hajiya Binta:
Ni tambayata daban ce. Na ga suna sunkuya wa hoton Ueshiba kafin su fara. Ɗan Kurmi, ka ce wa ƙanenka ya yi wa malaminsa bayani tun yanzu cewa shi Musulmi ne, ya ji ko za a ɗauke masa wannan.