Neman kalma: me za mu kira "miyuzikal" da Hausa?

Mai Fassara, Fagge:
Assalamu alaikum. Ƙarfe huɗu zan shiga situdiyo, ga rahoto a hannuna kan yadda Broadway, unguwar gidajen wasa ta New York, ke karrama 'yan wasanta idan sun mutu. Misalin da aka kawo Chita Rivera ce, wadda ta rasu a Janairun 2024 tana da shekara 91. Al'adarsu, gidajen wasa sukan rage fitilun ƙofarsu na minti ɗaya da daddare. Wannan bai ba ni wuya ba. Sana'ar tata ce ta tsaya mini a wuya: miyuzikal. Wasa ne a gaban 'yan kallo, waƙa da rawa ne ke jan labarin. A taimaka.

Malamin Firamare, Gwale:
Wa alaikumus salam. Wasan daɓe mai waƙa. Kowa zai gane.

'Yar Gwammaja:
Malam, ina ka bar rawar? Matar nan da rawa ta yi suna. Wasan daɓe na waƙa da rawa.

Baba Na Yakasai:
Kun cika dogon Turanci da Hausa. Kalma ɗaya ta isa: waƙaikwayo. Waƙa da kwaikwayo, na haɗe su. Shekara uku ina amfani da ita a gidana.

'Yar Gwammaja:
Baba, Allah ya ja kwana, na gwada faɗinta sau uku harshena ya harɗe. Mai karanta labarai zai tuntsire da dariya a kan iska.

Baba Na Yakasai:
'Yata, da "kwamfuta" ta zo ba a harɗe ba? Kuma mu muka riga su. Yaran da ke tashe cikin azumi, a yi shiga, a rera, a taka, a kwaikwayi mai gemun auduga, me suke yi in ba wannan ba?

Ɗan Katsina a Sabon Gari:
To a ce tashen Turawa mana. Ku Kanawa komai sai kun sa wa abu rawani.

Malamin Firamare:
Tashe na da lokacinsa, watan azumi. Ka ce ta shekara 60 tana tashe, mai sauraro zai ɗauka gida-gida take bi tana karɓar hatsi. Wani abu kuma: "rasu" kika rubuta. Wasu za su kira waya su ce "mutu" ya dace.

Ɗan Katsina:
Ni abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya daban ne. A 2022 sun sauya wa gidan wasa guda suna, suka sa masa na mawaƙiya Lena Horne, baƙar mace ta farko da ta samu haka a Broadway. Shata ya rasu tun 1999, wace fitila muka rage masa?

'Yar Gwammaja:
Fitilar da ba wuta a cikinta ce za mu rage?

Mai Fassara:
Jama'a, saura minti ashirin. Na ɗauki "wasan daɓe na waƙa da rawa" a farkon rahoto, daga nan sai in riƙa cewa "wasan". "Rasu" kuma na bar wa edita.

Baba Na Yakasai:
Kalma shida a gurbin ɗaya. To, shi ke nan. Amma ki rubuta tawa a gefen takarda, mako mai zuwa za mu sake zama.