Ɗana yana son shiga ƙungiyar badujala a wannan hunturu, ina neman shawarar waɗanda suka taɓa gani

Baban Sadiq:
Assalamu alaikum. Ɗana yana da shekara 16, kuma shekara uku ke nan yana busa begila a rukunin makaɗan makarantarsu a nan Minesota. Akwai wata ƙaramar ƙungiyar badujala kusa da mu da take ɗaukar sabbin mambobi, manya da yara, suna atisaye Asabar da Lahadi sau ɗaya a wata har zuwa Afrilu, kuɗin shekara dala 600. Abin da nake tambaya shi ne, in bar shi ya fara da wannan ƙaramar, ko kuwa ya jira baɗi ya je gwajin manyan ƙungiyoyi kamar yadda shi yake so? Damuwata ta biyu ita ce azumi zai riske su a tsakiyar atisayen.

Alhaji Tanko:
Wa alaikumus salam. Malam, ni shekara 18 na yi a badujalar 'yan sanda a gida, kuma abin da na sani shi ne leɓe ba ya ƙarya. Ka saya masa begila mai kyau, ya riƙa busa dogon sauti kowace safiya.

Nura:
Baba, ni na yi shekara biyu a ciki, don haka bari in fayyace. Manyan ƙungiyoyin suna ƙarƙashin DCI ne, wato hukumar da ke shirya musu gasa, wadda ta yi gasarta ta farko a 1972, kuma ana kammala gasar kowane Agusta a filin Lucas Oil da ke Indiyanafolis. Da zarar mutum ya wuce shekara 21 ya fita, kuma ƙungiya ba ta wuce mutum 165 a fili, shi ya sa gwajin Nuwamba yake da zafi. Ƙungiyoyin da ba su da iyakar shekaru a da suna ƙarƙashin wata hukuma daban mai suna DCA, sai a 2024 suka shiga cikin DCI. Ni na biya kusan dala 5,000 a shekarata ta ƙarshe, ban da kuɗin jirgi.

Maman Hanifa:
Baban Sadiq, ka saurare ni, domin ni na ɗanɗana. 'Yata tana cikin masu kaɗa tutoci, ta je gwaji a watan Nuwamba, aka ce ta dawo a Disamba, aka sake cewa ta dawo a Janairu, kuma kowace dawowa sai na biya dala 150. Tafiyar awa shida ce a mota, a ranar ta uku dusar ƙanƙara ta rufe hanya har na kwana a wurin shan mai da injin a kunne don kada in daskare. Yaran kuwa a ƙasan ɗakin wasannin wata makaranta suke kwana, kowa da katifarsa ta iska, ana tashinsu tun duhu bai yaye ba. Da na shiga ɗauko ta ran Lahadi, na tarar da ita zaune a bakin ƙofa tana naɗe wuyan hannunta da ya kumbura, abincin da ta ci tun Juma'a bai wuce burodi da man gyaɗa ba, saboda sauran duk da naman alade. A Fabrairu suka ba ta gurbi, na biya kafin alƙalami dala 1,200, ba a yi wata biyu ba suka aiko da saƙo cewa ƙungiyar ba za ta fita bana ba saboda rashin kuɗi. Har yau ban ga ko sisi ba, kuma yarinyar ta yi wata guda ba ta son a ambaci tuta a gabanta.

Hajiya Rabi:
Subhanallahi. Allah ya mayar da alheri, Yaya. Amma dala 5,000 ɗin da Nura ya faɗa ta yi yawa, domin ɗan maƙwabciyata 2,800 ya biya.

Nura:
Hajiya, wannan ƙaramin aji ne mai gajeren rangadi, ba ɗaya suke da masu yin wata biyu a cikin bas ba. Rufewa kuma ba ƙanana kaɗai take samu ba, har babbar ƙungiyar Santa Clara Vanguard, da ta sha cin kofi, ba ta fita a 2023 ba saboda matsalar kuɗi.

Ɗan Zango:
Ni abin da ya ɗaure mini kai shi ne, a Kumasi mai busa kakaki ake liƙa wa kuɗi a goshi, a Amurka kuwa mai busar ne yake biya don a bar shi ya busa. Baban Sadiq, ka aiko mana da shi hawan salla, ya dawo da riba.

Alhaji Tanko:
Nura, da ake koya mana fareti ba a ma haife ka ba. Shekara biyu ba ta isa a ba da fatawa.

Nura:
Ranka ya daɗe, ban raina iliminka ba, amma kai albashi aka biya ka, mu kuwa iyayenmu ne suka biya, kuma tambayar ta kuɗi ce da hunturun Minesota.

Maman Hanifa:
Ku duka biyun babu wanda ya taɓa zama a mota yana jiran ɗansa cikin ƙanƙara. Uwa ya kamata a tambaya.

Malam Isuhu:
Akwai abin da kowa ya tsallake. Da yawa daga cikin ƙungiyoyin nan da wasan bingo suke tara kuɗin gudanarwa, wanda caca ce tsantsa, kuma ni sai da na sa hannu a takarda sannan na gane cewa an wajabta wa iyaye wasu awoyi na aikin sa kai a zauren. Na ce ba zan iya ba, aka ce to in biya a madadin awoyin. Ashe ko kuɗin da aka rage wa yaro daga can ya fito.

Hajiya Rabi:
Wannan kam laifinmu ne, Malam. Ƙungiyarmu ta 'yan gida tana tara dubban daloli don walimar salla, amma ban taɓa jin an ware ko dala ɗari don yaran da suke irin waɗannan abubuwa ba. Na kawo maganar a taron bara, aka ce a bari sai an kafa kwamiti.

Alhaji Tanko:
Ni ne na ce a kafa kwamitin, kuma ba wanda ya miƙa sunansa, har da ke, Hajiya.

Baban Sadiq:
Na gode wa kowa. Malam Isuhu, zan tambaye su batun bingo kafin in sa hannu. Sai dai har yanzu ban ji wanda ɗansa ya yi atisayen yini guda da azumi a bakinsa ba, kuma ran Lahadi za a rufe karɓar takardun.