Wai ƙaryar intanet za ta iya girgiza ƙasa?

Ɗan Baiwa: Jama'a don Allah, da gaske labaran ƙarya a soshiyal midiya na barazana ga dimokuraɗiyya, ko zuzutawa ake?

Uwar Biyu: Wane zuzutawa ɗan'uwa, ka manta 6 ga Janairun 2021 da magoya bayan Trump suka afka wa majalisar Amurka saboda an yi ta cusa musu cewa an sace zaɓe, a Brazil ma haka aka yi a 2023.

Mai Nazari: Ni na Myanmar ya fi tayar min da hankali wallahi, an yi ta hura wutar ƙiyayyar Musulmin ƙabilar Rohingya a Facebook, kamfanin ma ya amsa sakacinsa a 2018. Manhajojin nan abin da ke tunzura mutane shi suke turowa gaba don a daɗe ana kallo.