Daga ina kalmar "zongo" ta fito?

Sa'adatu, Aboabo:
Assalamu alaikum. A wani taron matasa da aka yi a unguwarmu, mai jawabi ya shafe kusan rabin sa'a yana ƙoƙarin nuna cewa kalmar "zongo" (sunan da ake kiran unguwannin Hausawa da sauran baƙi Musulmi a nan Gana) daga Larabci ta fito, yana ta jero tushe bayan tushe har na kasa bin zaren maganarsa. Da na koma gida na ba kakata labari, tana zaune tana tsince wake a faifai, ko kai ba ta ɗaga ba ta ce zango wurin sauke kaya ne kawai. Iyayena, maganar wa zan riƙe?

Malam Isufu, Asawase:
Wa alaikumus salam, 'yata. Ki riƙe maganar kakarki. Kalmar Hausa ce, zango, kuma bakin mutanen ƙasar nan ne ya mayar da ita "zongo". Fataken da suke tasowa daga Kano da Katsina zuwa Gwanja neman goro sukan yi watanni a hanya, madugu yana jagorantar ayari, jakuna ɗauke da kanwa da rinannun tufafi, kuma duk inda suka sauke kaya suka kwana sai a ce sun yada zango. Salaga da ke ƙasar Gwanja ce babbar kasuwar goro a wancan zamani, har yaƙin basasar 1892 ya tarwatsa ta, 'yan kasuwa suka bazu zuwa Kete Krachi da sauran garuruwa. A nan Kumasi, bayan Turawan Ingila sun tafi da Sarkin Asante Prempeh a 1896, sannan aka yi yaƙin 1900 tsakaninsu da Asante, baƙi suka samu damar zama da yawa. Masaukin kwana ɗaya ya zama unguwa, sunan kuwa bai sauya ba.

Hajiya Rabi, Alabar:
Malam ya gama bayanin tarihi. Abin da yake damuna shi ne dalilin da ya sa yaranmu suke nema wa kalmar wani asali mai wuya. Na lura cewa wasu sun gaji da yadda ake haɗa sunan Zongo da talauci da ƙazantar kwata, shi ya sa suke so su sa masa babbar riga. Ni ban ga abin kunya ba a ce kakanninmu matafiya ne da suka sauke kaya suka nemi halalinsu. Dubi "waakye" (shinkafa da wake) da ake bin layi a saya kowace safiya a ganye, wake ne namu, babu wanda ya nema masa wani asali, kuma duk Gana tana ci. Ko gwamnati da ta kafa ma'aikatar raya unguwanninmu a 2017, da sunan Zongo ta kira ta.

Sa'adatu, Aboabo:
Na gode, Malam, na gode, Hajiya, Allah ya ƙara girma. Na sake zama da kakata bayan sallar isha'i, ta ce mahaifinta ma da fataucin goro ya shigo Kumasi, kuma ta yi mini alkawarin gobe za ta lissafa mini garuruwan da ya riƙa yada zango a hanya.