Adashena ya kusa fitowa: in mayar da shi hatsi ko in bar shi a banki?

Baban Ummi:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, amma ku yi haƙuri zan ɗan ja zancen.

Ni malamin firamare ne a nan Kano, gidan haya nake, ciki da falo da ɗakin tsohuwa, sai wani ɗan sito da bai fi shimfiɗar tabarma ɗaya ba. Mu tara muke cin tukunya ɗaya: ni da maiɗakina, yara biyar, mahaifiyata, da ƙanena da ke karatu. Ƙarshen watan nan ni ke da ɗaukar adashenmu na wurin aiki, naira 300,000, zubin shekara guda cur. Ga kaka ta yi, sabon hatsi ya shigo kasuwa, kuma ya yi sauƙin da rabon da a ga irinsa an jima.

Abin da ya hana ni barci shi ne sau biyu ina ƙonewa, ta gaba da ta baya.

Na farko a kakar 2023. Ina da 'yan kuɗi a banki, na ce bari in ajiye saboda lalura. Duk da na ga an cire tallafin mai tun 29 ga Mayu, an kuma saki naira a watan Yuni, ban ɗauka abin zai kai inda ya kai ba. Dalar da gwamnati ke lissafawa wajen naira 460, kafin Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Buhun shinkafa ya wuce 70,000. Lambar da ke cikin asusuna ba ta ragu da ko sisi ba, amma abin da za ta auno ya koma rabi. A watan ne na fara ganin maiɗakina tana auna shinkafa da gwangwanin madara tana share bakinsa da yatsa, kada ƙwaya ta yi tozo. Har afafata mun ci, ragowar shinkafar da ake warewa a wurin casa, wadda a da kifi ake zuba wa. Yaran suka ce tana wari, tsohuwa ta ce su yi shiru su gode Allah.

Na biyu a kakar 2024. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya zabura. Na ranto kuɗi na sayi masara buhu biyu da wake buhu ɗaya da tsadarsu, na jingine su a siton nan a kan siminti. Wajen watan Maris maiɗakina ta ce tana jin wani ƙas-ƙas da daddare. Na kwance bakin buhun waken na cusa hannu, sai na ji ɗumi kamar an sauke shi daga wuta, na zaro hannu duk gari. Kowace ƙwaya da huda biyu ko uku. Muka baza a tabarma a tsakar gida, ƙwari suka tashi suka bi shanyar maƙwabta, sai da na bi ɗaki ɗaki ina ba da haƙuri. Abin da ya tsira aka yi ta alala da shi har yara suka ƙosa, sauran mai awakin layinmu ya kwashe. Ana cikin haka kuma farashi ya karye a 2025, masarar da na saya da bashi ta koma ƙasa da yadda na saye ta.

To yanzu me zan saya, kuma nawa? Ta yaya zan ajiye ba tare da na sa guba a gidan da yara ke rarrafe ba? Sannan akwai abin da ke ɗan sosa min zuciya: tun da aka rufe wasu rumbunan ajiya a kasuwar hatsi ta Dawanau a Fabrairun 2024 bisa zargin ɓoye abinci, nake tambayar kaina ko ni ma da 'yan buhunana na shiga sahun masu ɓoyewa.

Tsohon Ɗan Awo:

Wa'alaikumus salam. Malam, na yi shekaru ina awo kafin gwiwa ta zaunar da ni, bari in gaya maka gaskiya ko ba daɗi. Waken nan ba naira ce ta cinye maka shi ba, kai ka ba ƙwari. Wake daga gona yake zuwa da ƙwan ƙwarinsa a jiki. Ka zuba shi a buhun da iska ke shiga, wata uku ya ishe su.

Fara da lissafi, kada ka fara da tsoro. Buhun masara kwano 40 ne. Gidan mutum tara, in tuwon dare ake yi kullum, kwano guda zai tashi, ka ga buhu kwana 40 ke nan. Ba shekara biyu za ka yi wa tanadi ba, daga yanzu zuwa sabon hatsi ne kawai, kuma inda wuyar take shi ne daga Yuni zuwa Agusta, lokacin da manomi ya zuba abin hannunsa a gona, rumbu ya yi ƙasa. Saboda haka ka ci gaba da awonka na wata-wata da albashi muddin da sauƙi, ajiyar nan kada a taɓa ta sai an shiga damina. Masara buhu uku, gero ɗaya saboda kunu da azumi, wake rabin buhu. Dawa ta fi masara jure ajiya, in mutanen gidanka na cin tuwonta ka musanya buhu ɗaya. In ba sa ci kada ka saya, hatsin da ba a ci a gida ba tanadi ba ne.

Ajiya kuwa, ka nemi buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje. Ka duba ledojin da kyau ko da huda, ka zuba, ka matse iska, ka ɗaure kowace leda daban, sannan na wajen. Ba a sa masa magani, rashin iska ke kashe ƙwarin. Sharaɗinsa biyu: kada a riƙa buɗewa ana ɗiba, kada kuma ɓera ya huda. Waken ma jarkar man gyaɗa ta ishe shi, a wanke ta bushe ƙarau, a cika ta har wuya, a sa leda a murɗe murfin.

Amma duk wannan banza ne in hatsin bai bushe ba. Sabuwar masara tana da ruwa a jiki, shi ya sa take da nauyi da araha. Ka ciza, in ba ta ce ƙas ba ka shanya ta kwana biyu ko uku. Ko ka zuba 'yar kaɗan a busasshiyar kwalba da busasshen gishiri ka girgiza, in gishirin ya manne a jikin kwalba da sauranta. Masarar da ta yi fumfuna guba ce mai taɓa hanta, wanki ba ya fitar da ita. Kuma ka ɗora buhunan a kan katako, ka janye su daga jikin bango. Siminti yana tsatsafo da damina.

Ƙwayar maganin ƙwarin nan da ake jefawa a buhu a manyan sito, kada ka kusance ta. Iskar da take fitarwa tana kashe mutum, ba a sa ta a gidan da ake kwana. Masu yayyafa wa wake fiya-fiya kuma su ji tsoron Allah, irin wannan maganin ne ya sa Turai ta hana shigar da wakenmu tun 2015.

Abu Hafsat:

Game da tambayarka ta ƙarshe, Malam, ka kwantar da hankalinka. Abin da hadisi ya yi hani a kai shi ne mutum ya saye abinci lokacin da jama'a ke cikin matsi, ya rufe yana jiran ya ƙara tsada. Tanadin iyali daban ne, ya tabbata a Bukhari cewa Annabi (SAW) yakan ajiye wa iyalansa abincin shekara. Kai da za ka saya da kaka, lokacin da manomi ke neman mai saye, ba ka ƙuntata wa kowa ba. In kana son ƙarin natsuwa ka tambayi malamin unguwarku.

Maman Walida:

Baban Ummi sannu da ƙoƙari, Allah ya ƙara rufa asiri. Ni daga Zariya nake. Na karanta bayanin Baba mai awo, ban ƙi ko ɗaya ba, sai dai ku maza in kun tashi tanadi buhu kawai kuke gani. An taɓa cin tuwo gaya? A 2024 da masara a ɗakina, amma akwai ranar da na rasa abin kaɗa miya, tumatir ya zama sai kallo, manja kuwa a murfin kwalba ake auna mana.

Don Allah ka cire ko 50,000 ka damƙa wa Maman Ummi, ita ta san abin da tukunyarta ke ci. Kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, barkono, gishiri, kanwa, duk ba sa lalacewa in an kulle su a roba mai murfi. Idan tumatirin rani ya faɗi wajen Janairu zuwa Fabrairu, a sayi kwando a yanka a shanya a kan rufi, iskar hunturu za ta busar da shi cikin 'yan kwanaki. Ni har zogale da yakuwa nake busarwa, amma a inuwa, rana tana cinye musu launi. Manja yana jure ajiya fiye da man gyaɗa, shi man gyaɗa in ya daɗe wani wari yake yi. Kada kuma ku niƙa da yawa, gari ba ya kai wata biyu bai canza ɗanɗano ba.

Sai abin da ba wanda ya faɗa. Hatsi a ɗaki ba abinci ba ne sai an kai inji an kuma hura wuta, su biyun nan kuwa duk bayan man fetur da gas suke bi. Buhun gawayi biyu kafin ruwa ya sauka zai yi muku rana. Ni turmina da na jefar a bayan ɗaki sai da na sa aka ɗauko shi aka wanke.

Kuma ka sa a ranka ba ku tara za ku ci ba. Ranar da aka sauke buhu a ƙofar gida, kafin magariba labari ya kai ƙauye. Ƙanwar maigidana ta zo da yara uku ta ce kwana biyu za ta yi, sai da ta yi wata. Za ka hana? Ba za ka iya ba, ni ma ban iya ba. Abin da na koya shi ne in ware buhu guda tun farko in ce wannan na baƙi da maƙwabta ne, in ya ƙare in nuna musu buhun a juye.

Na Maraɗi:

Salamu alaikum 'yan uwa na Najeriya. Ni abin da zan ƙara tsohon labari ne. Yunwar 1984 mu nan El Buhari muke ce mata, don a shekarar gwamnatin Buhari ta canza kuɗin Najeriya ta rufe iyaka, ga fari ya ƙone gonaki. Mahaifina yana da naira a ƙulle cikin tukunya, ta cinikin bisashe da ya yi a Jibiya. Kwanakin da aka bayar na canji suka wuce bai samu hanyar kai ta ba. Mun daɗe muna wasa da takardun nan muna yara. Abin da ya riƙe gidanmu shi ne rumbun kakata, hatsin shekara biyu da ba a sussuka ba, yana nan a zangarniyarsa. Gero in yana damminsa yakan yi shekaru, dabarar da ke cikin Suratu Yusuf ke nan, a bar shi a zangarniya sai kaɗan da za a ci. Na san a gidan haya cikin birni ba wurin dammi, amma in kana da ɗan'uwa mai amana a ƙauye, ka bar wani kaso can. Kada ka tara duka wuri guda.

Masu cewa a canza naira zuwa sefa, to mu ma a Janairun 1994 mun kwana mun tashi an raba darajar sefa biyu. Masu cewa a sayi akuya kuma su tuna 2005: lokacin da hatsi ya yi wuta kowa ya fito da dabbarsa kasuwa, ga su a rame, sai ka saida biyu ba ka auno abin da guda ke aunowa da ba. Dabba tana da amfani, amma ba ranar yunwa ake gane shi ba.

Kada kuma ka dogara da cewa in ya yanke can zai shigo daga nan. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 iyaka ta yi watanni a rufe, a Oktoban 2024 kuma gwamnatinmu ta hana fitar da hatsi. In abu ya matsa kowa ƙofarsa yake ja.

Baban Ummi:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, maganarka ta yi zafi amma na karɓa, ni na ba ƙwari. Daren jiya na karanta wa maiɗakina amsar Maman Walida, tun ban kai ƙarshe ba ta miƙo hannu, wai 50,000 ɗin ma ta yi kaɗan.

Ga inda muka tsaya. Masara biyu, dawa ɗaya, gero ɗaya, wake rabin buhu a jarkoki. Kuɗin kayan miya da gawayi na hannunta. Abin da ya rage ba zan zuba shi duka a hatsi ba, zan bar wani abu a banki saboda asibiti, in riƙe kaɗan a hannu. Ban manta Fabrairun 2023 ba, lokacin canjin kuɗi, da na yini a layin banki da kuɗina a ciki, mai awo kuma ya ce shi ba ya karɓar tiransifa. In farashi ya sake karyewa kamar a 2025, to mun dai ci abinmu, ba sayarwa na yi niyya ba. Buhun baƙi kuwa tsohuwa ta ce ita za ta riƙe shi a ɗakinta, ita ta san wanda za ta ɗibar wa.

Saura abu ɗaya, Baba. Siton namu akwai ɓera, manya, har sabulu suke ja. Tsohuwa ba ta shiri da kyanwa, ni kuma ba zan sa maganin ɓera inda autana ke rarrafe ba. In na samu durom na ƙarfe na zura buhun PICS ɗin a ciki na rufe, zai yi, ko zufar ƙarfen za ta jiƙa hatsin da zafin bazara?