Idan fari ya zo ruwan dam ya ja baya, wa ake fara yanke wa?

Mai_Neman_Sani:
Salam 'yan uwa. Dan Allah masana harkar ruwa ku fitar da ni daga duhu. Shekarar da damina ta yi gardama ruwan dam ya yi ƙasa sosai, sai ka ga har yanzu ana buɗe ƙofa ana sakin ruwa yana gangarawa, to me ya sa ba za a rufe a adana ba? Sannan idan ruwan bai isa kowa ba wa ake fara hanawa, manomi ko mutanen gari ko masu wutar lantarki? Akwai doka ne ko dai mai ƙarfi ne ke kwashewa?

Injiniya_Ruwa:
Wa alaikumus salam malam. Ai dam ba ya haihuwar ruwa, ajiya kawai yake yi, kamar asusu ne abin da aka zuba shi za a cira. Rufe ƙofa gaba ɗaya kuma ba zai yiwu ba saboda akwai mutane a gangare da suke shan wannan kogin tun kafin a zo a gina dam ɗin, ga masunta ga dabbobi ga fadamu, kuma in kogi ya tsaya cak dattin da ake zubawa ciki ba abin da zai wanke shi, a bakin teku ma ruwan gishiri ne zai kutso ciki. Shi ya sa manyan dam da yawa suna da ƙa'idar mafi ƙarancin ruwan da dole a saka ko ana fari.

Wani abu kuma, ruwan da ka ajiye ba zama yake yana jiranka ba, rana na shanye shi. Tafkin Nasser na Masar kaɗai yana asarar wajen kubik mita biliyan 10 duk shekara ta wannan hanyar. Kuma akwai matakin da in ruwa ya sauka ƙasa da shi injinan wuta sun daina juyawa, in ya ƙara sauka ko ta bututun ma ba zai fita ba, kana kallonsa amma ba naka ba ne.

Maganar wa ake fara yanke wa, yawanci ruwan sha ake karewa, noma ne ke shan bulala, don shi ke cinye kusan kashi 70 cikin 100 na ruwan da ake ɗiba a duniya.

Malama_Lauya:
Injiniya ya yi bayani amma ni a ganina matsalar tun daga takarda take farawa. Ku duba kogin Kolorado a Amurka. A 1922 jihohi bakwai suka zauna suka raba ruwansa, kuma lissafin da suka yi amfani da shi na shekarun da aka samu ruwa da yawa ne fiye da yadda kogin ya saba, sai a 1944 aka ƙara yanka wa Meziko nata kason. In ka tara alkawuran sun haura kubik mita biliyan 20 a shekara, alhali daga 2000 zuwa yanzu abin da kogin ke kawowa a matsakaici bai kai biliyan 16 ba. To an raba abin da babu kenan, tafkin Mead da na Powell, manyan ma'ajiyar ruwan dam na kogin, su ne suka yi ta cike giɓin har ruwan Mead ya sauka zuwa wajen kashi 27 cikin 100 na cikarsa a 2022.

Kuma tsarinsu a yammacin ƙasar shi ne wanda ya riga fara amfani da ruwa shi ke gaba, sai ya ɗebi nasa cif kafin na baya ya samu ɗigo. Da gwamnati ta ayyana ƙarancin ruwa karo na farko a Agusta 2021, a cikin jihohin nan Arizona ta rasa wajen kashi 18 cikin 100 na rabonta, Nevada kashi 7, Kalifoniya da ta fi kowa kaso a zagayen nan ba a taɓa ta ba. Doka ce fa, ba fashi ba, amma kai ma ka ga yadda take.

Ostireliya ta fi burge ni. A yankin kogunan Murray-Darling lasisinka na ɗiban ruwa ba alkawarin adadi ba ne, kowace shekara hukuma ke duba abin da ke dam ta ce bana kashi kaza na lasisinka za ka samu, kuma kana iya sayar da rabonka ga wani.

Manomin_Rani:
Hajiya wannan sayar da rabon ni ban yarda da shi ba gaskiya. In fari ya yi tsanani farashin ruwa sama zai yi, mai babbar gona da ya dasa itatuwa shi zai saye don ba zai bari su mutu ba, ƙaramin manomi ya karɓi kuɗi ya bar gona, shekara biyu uku gari ya watse. Kuma kun manta da rijiyoyin burtsatse, da an hana mutane ruwan kogi sai kowa ya haƙa ƙasa, ruwan ƙasan nan kuma a wurare da yawa shi ke ciyar da kogin da rani. Ni abin da nake roƙo ɗaya ne, a faɗa mana da wuri. In na san rabin ruwa zan samu rabin gona zan shuka, amma a bar ni in zuba iri da taki sannan a rufe kanal ana tsakiyar fure, wallahi wannan ya fi komai ciwo.

Malama_Lauya:
Baba kana da gaskiya kan sanarwa da wuri. Shi ya sa ake son a rubuta matakan tun ruwa na cike: in ya sauka nan a rage kaza, in ya kai can a rage kaza, kowa ya sa hannu. A birnin Cape Town na Afirka ta Kudu a 2018 sun sa layi ƙarara, in ruwan dam-dam ya sauka zuwa kashi 13.5 cikin 100 za a rufe famfuna, aka tsayar da lita 50 ga mutum a rana, manoma ma aka zabge musu nasu sosai, kuma ba a kai ga rufewar ba.

Mai_Neman_Sani:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Injiniya saura ɗaya, in kogin ƙasa biyu ko uku ya ratsa fa, wa ke riƙe da makullin ƙofar?